NAZARI: Bututun ruwan da ke cikin bango: Wa zai biya idan mahaɗi ya fashe?

A ranar 9 ga Janairu, 2020 aka rufe karɓar takardun neman diyya daga masu gidaje a Amurka da Kanada waɗanda aka shimfiɗa wa bututun ruwa samfurin Kitec. Duk wanda bangon gidansa ya fara tsatsafar ruwa bayan wannan rana, bai kuma shigar da takarda ba, sai dai ya yi gyara daga aljihunsa. Kamfanin IPEX da ya ƙera bututun ya daina sayar da shi tun 2007, amma har yau dillalan gidaje da kamfanonin inshora a Kanada sukan tambaya ko akwai Kitec a cikin gida kafin su sa hannu a takarda.

Kitec na cikin jinsin bututun roba mai hawa-hawa, wanda ake saka alminiyum a tsakiyarsa. Irin wannan bututu ya bazu a duniya, yana kuma cikin kayan da ake sayarwa a kasuwannin kayan gini na Najeriya tare da PVC da PPR. Shi kansa jinsin bututun ba abin gudu ba ne, domin gidaje masu ɗimbin yawa a Turai suna amfani da shi lami lafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin haɗi, musamman ranar da mai gida ya so ya ƙara banɗaki, ko ya matsar da wurin wanke-wanke, ko ya sauya na'urar ɗumama ruwa. A ranar ce ake yanke tsohon bututu a haɗa shi da sabon mahaɗi, a shafe bango, a manna tayil. Idan aka yi kuskure a nan, ba ya bayyana sai bayan shekaru, lokacin da mai aikin ya sauya lambar waya, mai shagon kuma ya sauya kaya. Tambayar wanda zai ɗauki asarar tambaya ce ta doka da hukumomi, shi ya sa ta wuce hirar masu aikin famfo.

Yadda bututun yake

Idan aka yanka bututun aka dubi bakinsa, za a ga hawa biyar. Na can ciki roba ce da ruwa ke bi ta cikinta, yawanci nau'in PEX ko PE-RT. Sai gam, sai siririn alminiyum da aka naɗe aka yi masa walda, sai wani gam, sai robar waje da ke kare shi. Alminiyum ɗin ne ke sa bututun ya tsaya a yadda aka lanƙwasa shi, ya rage miƙewar da roba ke yi idan ta ji zafi, ya kuma hana iska ratsawa zuwa cikin ruwa. Yana zuwa a naɗe cikin ƙunshi mai tsawon gomman mitoci, saboda haka ana iya jan layi guda daga tanki zuwa banɗaki ba tare da haɗi da yawa ba. Ba ya tsatsa kamar tsohon bututun ƙarfe, ba ya buƙatar wuta wurin haɗawa, kuma ya fi jan ƙarfe araha.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta shafe shi ita ce ISO 21003, wadda aka fitar a 2008, kuma lissafin da ake yi a ƙarƙashinta na tsawon rai na shekara 50 ne. Akwai wani abu a cikin wannan ƙa'ida da mai saye ba ya cika sani. Bayan gwajin bututu da gwajin mahaɗi, akwai sashe na musamman da ke gwada su a haɗe, a matsayin tsari guda. Ma'ana, alkawarin shekara 50 ya rataya ne a kan bututun wani kamfani da mahaɗin da aka gwada shi da shi. Da zarar an gauraya kayan kamfanoni biyu, an fita daga abin da aka gwada.

Abin da ya faru da Kitec

An sayar da Kitec daga 1995 zuwa 2007. Bututun ruwan zafi ruwan lemo ne, na sanyi shuɗi, mahaɗansa kuwa na tagulla ne, wato haɗin jan ƙarfe da tutiya. An yi ta tallarsa a matsayin wanda zai gaji jan ƙarfe, 'yan kwangila kuma suka rungume shi saboda sauƙin aiki da sauƙin farashi. An kuma sayar da shi da wasu sunaye, irin su PlumbBetter da IPEX AQUA da WarmRite, abin da ya sa daga baya masu gidaje da yawa ba su ma san shi ne a bangonsu ba.

Matsalar ta fi fitowa daga mahaɗan. Tagullar da tutiya ta yi yawa a cikinta, idan ta daɗe tana haɗuwa da wani irin ruwa, musamman mai ɗumi kuma mai yawan gishirin ƙasa, sai tutiyar ta riƙa narkewa tana fita. Wani farin gari yakan taru ya toshe hanyar ruwa, ƙarfen da ya rage kuma ya zama mai ƙananan ramuka, marar ƙwari. Mai gida zai fara ganin ƙarfin ruwa ya ragu, daga nan sai ɗigo, wata rana sai fashewa. Shi ma bututun an ƙayyade masa zafin da bai wuce digiri 82 a ma'aunin Salshiyos ba, ga shi kuwa wasu na'urorin ɗumama ruwa sukan zarce haka.

Abin ya fi tsanani a yankin Las Begas na jihar Nebada, inda ruwan sha ke fitowa daga kogin Kolorado, ruwa mai nauyin ma'adinai. A 2005 kamfanin ya janye mahaɗan tagullar daga kasuwa. Masu gidaje a gundumar Clark suka shigar da ƙarar haɗin gwiwa, IPEX ya amince ya biya dala miliyan 90 a wannan shari'a kaɗai. A 2011 kuma aka cim ma wani sulhun na dala miliyan 125 da ya shafi sauran Amurka da Kanada, wanda kotuna a Texas da Ontariyo da Kebek suka amince da shi. Kamfanin bai amsa laifi ba.

Kuɗin yana da yawa a baki, amma lissafi ya nuna ƙarancinsa. An ware dala miliyan 25 domin lauyoyi da hidimar shari'a, saura miliyan 100. Ƙiyasin da aka riƙa ambatawa shi ne cewa an shimfiɗa Kitec a wurare kimanin 292,000 a Arewacin Amurka. Da kowa zai nemi rabonsa, abin da zai samu bai kai dala 350 ba, alhali sauya bututun gida guda, da fasa bango da mayar da shi, yana cin dubban daloli. A dogayen benaye na Ontariyo, hukumomin gudanar da gidaje sun tilasta wa mazauna sauya bututun da kuɗinsu, domin ɗigon bene na goma yana sauka ne a kan na tara.

Ba wannan ne karon farko ba. Daga 1978 zuwa 1995 an shimfiɗa bututun roba nau'in polibutilin a miliyoyin gidajen Amurka, shi ma ya riƙa fashewa, har aka kai ga sulhun dala miliyan 950 a shari'ar Cox da kamfanin Shell a 1995. A shekarar da aka rufe wancan babi aka fara sayar da Kitec.

Me ya sa gyara ya fi sabon aiki haɗari?

A sabon gini, mai aiki yakan sayi bututu da mahaɗai a lokaci guda, sau da yawa daga shago guda. A wurin gyara kuwa, yana tarar da bututun da aka binne shekara takwas ko goma da suka wuce, rubutun jikinsa ya ɓoye a cikin siminti, samfurinsa wataƙila ya ɓace daga kasuwa. Sai ya auna faɗinsa daga waje, ya ga milimita 20, ya je kasuwa ya ce a ba shi mahaɗin 20.

Nan kuskuren yake farawa. Bututu mai faɗin milimita 20 daga waje yana iya zama mai kaurin bango milimita 2, ko 2.25, ko 2.5, gwargwadon kamfanin da ya ƙera shi. Ramin cikinsa ke nan zai zama milimita 16, ko 15.5, ko 15. Haka a ƙaramin bututu akwai 16 mai kaurin 2 da 16 mai kaurin 2.25, a babba kuma wasu kamfanoni na yin 25, wasu 26. Hancin mahaɗi yana shiga ne cikin ramin bututun, zoben robar da ke jikinsa shi ke tare ruwa. Bambancin rabin milimita ido ba zai gan shi ba, amma ya isa ya sa zoben ya ƙi kamawa sosai, ko ya yage wurin turawa.

Na biyu shi ne na'urar matsewa. Mahaɗan da ake matsewa suna da hannun riga na ƙarfe wanda ake danne shi a kan bututun da wata na'ura mai baki kamar na filaya. Bakunan iri-iri ne, ana kiran su da haruffa kamar TH da U da H da B, kowanne da inda yake dannawa. Idan aka matse mahaɗin da aka ƙera domin bakin U da bakin TH, matsin zai iya sauka a inda bai dace da zoben roba ba. Haɗin zai yi kyau a ido, zai ma iya riƙe ruwa a ranar farko. Kuma mahaɗin da aka matse ba ya kwancewa. Idan an yi kuskure sai dai a yanke a sake.

Akwai ƙananan matakai da gaggawa ke sa a tsallake. Dole a yanke bututun daidai da almakashinsa, domin zarto yana barin kaushi. Dole a zura ma'auni a bakinsa a mayar da shi zagayayye, a kuma fere gefen ciki, don kada kaifinsa ya yanki zoben roba. Mahaɗi mai kyau yana da wani siririn zobe da ke raba alminiyum ɗin bututu da tagulla, domin idan ƙarafan biyu suka haɗu a cikin damshi, ɗaya yana cin ɗaya. Bayan an gama, ana cika layin da ruwa a ɗaga matsinsa da famfon gwaji, a bar shi ana duban ma'auni, kafin a yarda mai shafe ya taɓa bangon. Haka nan, a gidan da aka jingina wayar kariya ta lantarki da tsohon bututun ƙarfe, sanya guntun roba a tsakiya yana yanke wannan kariya, sai an kira mai aikin wuta ya duba.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya sun san duk wannan, shi ya sa garantinsu yakan zo da sharaɗi: bututunsu, mahaɗinsu, da bakin na'urar da suka amince da shi. Wanda ya gauraya ya sauke musu nauyi. Mai bututu zai ce laifin mahaɗi ne, mai mahaɗi ya ce laifin mai aiki ne, mai aiki ya ce abin da ya samu a kasuwa ke nan.

Jifan juna da laifi a Ostareliya

Wannan jifan juna ba hasashe ba ne, an gan shi kwanan nan a birnin Perth na Yammacin Ostareliya. Bututun da abin ya shafa a can, Pro-fit na kamfanin Iplex, polibutilin ne, ba mai hawa-hawa ba, amma rigimar iri ɗaya ce. An ƙera shi tsakanin 2017 da 2022, aka sa shi a dubban sababbin gidaje, ya riƙa fashewa a cikin rufi da bango. Kamfanin gine-gine na BGC, wanda ya gina da yawa daga cikin gidajen, ya ce bututun ne ke da aibu. Iplex da uwar kamfaninsa, Fletcher Building na ƙasar Niyu Zilan, suka ce yadda aka shimfiɗa shi ne ba daidai ba. Suna wannan ja-in-ja, iyalai na kwashe kaya daga ɗakunan da silin ya rufto.

A 2024 gwamnatin jihar ta shiga tsakani, aka tsara shirin gyara. Fletcher ya ware dalar Ostareliya miliyan 155, gwamnatin jihar ta yi alkawarin har miliyan 30, BGC kuma ya ƙi shiga ya nufi kotu. Abin lura shi ne Ostareliya na da tsarin tantance kayan famfo na dole mai suna WaterMark, masu aikin famfo kuma sai da lasisi. Duk da haka abin ya faru, kuma kuɗin masu biyan haraji ya shiga cikin gyaran.

To, mene ne amfanin dokokin? Amfaninsu ya bayyana bayan ɓarnar. A Nebada da Ontariyo da Perth an iya gano sunan bututun, da shekarar da aka ƙera shi, da kamfanin da ya sa shi, da gidajen da yake ciki. Akwai hukumar da za a kai wa kuka, akwai kamfani mai adireshi da kadara da za a kai kotu. Diyyar ba ta wadatar ba, amma an samu wanda za a riƙe.

A gida Najeriya fa?

Wanda ya shiga layin kayan famfo a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Orile a Legas, zai tarar da bututu da mahaɗai daga ƙasashe daban-daban, ana sayar da su ɗaiɗai, bututu a mita, mahaɗi a ƙirge. Ba kasafai ake tambayar kaurin bango ko irin bakin na'ura ba. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, kuma a irin wannan yanayi mahaɗi, da yake ƙarami ne kuma binne shi za a yi, shi ne wuri mafi sauƙi da ɗan kwangila zai rage kashe kuɗi.

Yanayinmu ma yana ƙara nasa. Gidaje da yawa sun dogara da rijiyar burtsatse da tankin sama, ruwan da ba a cika kai shi ɗakin gwaji ba, alhali labarin Las Begas ya nuna cewa irin ruwan ne ke yanke hukunci kan daɗewar tagulla. Layin da ke saukowa daga tanki yakan kwana ya wuni a rana, hasken rana kuwa yana cin robar da ba a yi ta domin waje ba. Akwai tagullar da aka sarrafa domin ta jure narkewar tutiya, ana buga mata alamar DZR ko CR, amma mai saye nawa ne ya san ya nemi wannan alama?

Akwai kuma batun dalma, wadda ake ƙarawa a wasu nau'o'in tagulla domin sauƙin sassaƙa. Amurka ta ƙayyade ta zuwa kashi 0.25 cikin ɗari a kayan ruwan sha tun Janairun 2014. A Perth, an jinkirta buɗe sabon asibitin yara har zuwa 2018, kuma cikin manyan dalilan akwai dalmar da aka samu a ruwansa, wadda bincike ya danganta da mahaɗan tagulla. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ba, sai dai ma'auni a takarda ba ya gwada abin da ke fitowa daga famfon kicin.

Ba a rasa hukumomi ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, tana da shirin SONCAP na tantance kayan waje kafin su shigo, da MANCAP na kayan cikin gida. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ɗora alhakin ɓarnar da kaya mai aibu ya jawo a kan wanda ya samar da shi, ta kuma tanadi janye kaya mai haɗari daga kasuwa. Akwai Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, wanda ƙarfinsa ya dogara da jihohi su mayar da shi doka su kuma aiwatar. Giɓin yana wurin shaida. Mai gidan da zai kai ƙara yana buƙatar ya nuna abin da aka sa masa, da wanda ya sayar, da wanda ya haɗa. Ba rasit mai sunan samfur, ba hoton layi kafin shafe, ba takardar gwajin matsi. Doka tana nan, hujjar da za a kai mata ce babu.

Asarar kuma ba ta tsaya a kan mai gida ba. Ɗan haya ne ke kwana da bango mai damshi da warin fumfuna, shi ne ake cire wa kuɗin gyara ko a ƙara masa haya. Ruwan da ke tsiyaya a ɓoye yana kaiwa ga rodin da ke cikin kankare ya sa shi tsatsa, yana kuma ƙara kuɗin man janareta ko wutar da ake turo ruwa da ita.

Abin da ya kamata a nema

Gwamnatin Tarayya na gina gidaje a ƙarƙashin shirin Renewed Hope, wanda aka ƙaddamar a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024 da gidaje 3,112, jihohi ma suna da nasu rukunonin. Darasin Kitec da Pro-fit shi ne cewa a rukunin gidaje zaɓi guda ne ake maimaitawa sau dubu. Babu wata shaida da ke nuna an yi kuskure a waɗannan ayyuka, kuma lokacin tambaya shi ne yanzu, kafin a shafe bango. Ya dace takardun kwangila su fayyace sunan tsarin bututun da ƙa'idar da ya cika, a haramta gauraya samfura, a kuma miƙa wa kowane mai saye takarda mai ɗauke da zanen layukan ruwa da sakamakon gwajin matsi. 'Yan jarida da ƙungiyoyin sa ido suna iya neman waɗannan takardu ta Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011.

SON kuma za ta iya wajabta cewa duk mahaɗin da za a shigo da shi ya zo da sunan kamfani, da girman bututun har da kaurin bangonsa, da irin bakin na'urar da ya dace da shi, a buge a jikinsa. Hukumomin tsara birane na jihohi, da suke karɓar kuɗin izinin gini, za su iya ƙara duba aikin famfo a cikin matakan da ake bi kafin a ba da izinin shiga gida. Ƙungiyoyin masu aikin famfo da makarantun koyon sana'a su ma suna da rawar takawa, domin mai aikin da bai taɓa jin bambancin TH da U ba, ba mugunta yake yi ba, ba a koya masa ba ne.

Kafin hukumomi su motsa, mai shirin gyara yana da abin yi da kansa. Ya sa a tono har a ga rubutun jikin tsohon bututun. Idan ba a samu mahaɗin samfurinsa ba, ya fi aminci a sauya layin gaba ɗaya, ko a yi haɗin ta mahaɗi mai zare a wurin da hannu zai iya kaiwa, maimakon a binne shi. Ya karɓi rasit mai sunan kaya, ya ɗauki hoton kowane haɗi da wayarsa, kuma kada ya biya cikon kuɗin aiki sai ya ga ma'aunin gwaji ya tsaya cak.

Masu gidajen Kitec sun yi shekaru suna shari'a a ƙasashen da kowane gini ke da fayil, suka tashi da diyyar da ba ta kai kuɗin gyara ba. Idan irin wannan ta auku a wani rukunin gidaje a Kano ko Abuja, tambayar farko da alƙali zai yi ita ce sunan bututun da wanda ya shigo da shi, kuma a yadda ake aiki yau, masu gidaje kaɗan ne za su iya amsawa.